Yadda Ake Bin Sawun Ƙura da Hayaƙi Daga Sararin Samaniya

Kaso mai yawa na hazon da kan lulluɓe Kano, Maiduguri da Damagaram a lokacin hunturu daga Bodele yake tasowa, wani kwari a arewacin Chadi da a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfinta, ta kwashi wannan ƙasa ta yi sama da ita. A yau ana iya ganin tashinta tun kafin ta iso mana.

Taurarin ɗan'adam iri biyu ne ke wannan aiki. Meteosat na Turai yana can nisan kusan kilomita 36,000, tafiyarsa ta yi daidai da juyawar duniya, don haka kullum Afirka na gabansa, yana ɗauko hoto duk minti 15. Idan aka jera hotunan, sai a ga inda ƙura ta nufa da irin saurinta. Su kuwa Terra da Aqua, waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 da 2002, suna kewayawa a kusan kilomita 700, hotonsu ya fi fitowa sarai.

Wahalar ita ce ƙura a kan hamada launinsu ɗaya da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa ake auna zafin da kowane abu ke fitarwa. Ƙurar da ta yi sama ta fi rairayi sanyi da rana, kuma yadda take tare zafin da ke tasowa daga ƙasa ya bambanta da na girgije. Kwamfuta takan haɗa waɗannan awo ta ba su launi: ƙura ta fito ruwan hoda, girgije mai kauri ya fito ja mai duhu. Da yake zafi ake aunawa, ko cikin dare aikin ba ya tsayawa.

Hayaƙi kuma ƙwayoyinsa sun fi na ƙura ƙanƙanta ƙwarai, a hoto yakan fito toka-toka. Na'urar da ke kan tauraron takan gano wutar da ta haife shi, a yi wa wurin jan ɗigo a taswira. Wani tauraron, Sentinel-5P, da aka harba a 2017, yana auna wata iskar guba da ƙonewa ke fitarwa, wadda ƙura ba ta ɗauke da ita. Wannan bambancewa na da amfani, domin a hunturu ƙurar arewa kan cakuɗe da hayaƙin ƙonar daji.

Sai dai hoto daga sama ba ya nuna kai tsaye abin da ke shiga hancin mutum, tunda ƙura na iya wucewa can bisa. Dole a haɗa da ma'aunai na ƙasa kafin hukumar hasashen yanayi irin NiMet ta fitar da gargaɗi.

Wannan gargaɗi bai kamata ya tsaya a filin jirgin sama ba. Direban da zai kama hanya da asuba, mai ciwon asma, da uwar da za ta goya jariri zuwa kasuwa, duk suna da haƙƙin su ji shi a rediyo, da harshen da suke fahimta, tun ƙurar tana hanya.