Bafulatani, Buzu da baƙauye: Yadda finafinan barkwanci ke nuna mutanen ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis, kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke kan iyakar Najeriya da Nijar tana haɗa Hausawa da Fulani da Mangawa da Buzaye, har da fatake daga kudancin ƙasar nan. A nan ne Bafulatani ke cinikin shanu na miliyoyin naira, Buzu kuma ya shigo da raƙuma.

Sai dai idan dare ya yi, iyali suka zauna kallon fim ɗin barkwanci a Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, wasu mutane daban suke gani. Bafulatani shi ne wanda ake damfara a tasha, Buzu maigadi ne mai shayi, baƙauye kuwa ya shigo birni yana tsoron fanka.

Tun fitowar Turmin Danya a 1990, akasarin finafinan Hausa a Kano ake shirya su, kuma da idon ɗan birni ake kallon kowa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamban 2014, ya yi suna wajen kwaikwayon maganar ƙabilu da ta mutanen karkara, kuma da yawa daga masu barkwancin da suka biyo bayansa sun bi wannan hanya.

Masu kare salon sukan ce ai wasa tsakanin ƙabilu tsohuwar al'ada ce. Gaskiya ne, kuma masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa, ta san wasan Fulani da Barebari fiye da wurare da dama. Amma a wasan gargajiya kowa yana da bakin ramawa: ka tsokane ni, in mayar maka nan take. A fim kuwa marubuci ne ke riƙe da alƙalami, wanda aka zolaya ba ya samun damar mayar da martani, yara kuma suna kwashe abin da suka gani su kai makaranta.

An fara ganin sauyi a talabijin. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna Musulmi da Kirista da ƙabilu daban-daban suna zaune a gari ɗaya, kowa da halinsa na kirki da na banza. Gidan Badamasi, wanda Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni, ya samo dariyarsa daga kwaɗayi da rikicin 'ya'yan gida ɗaya.

Abin da ya rage shi ne marubuta daga wannan yanki. Yanzu da waya da YouTube suka sauƙaƙa aikin, matashin Maigatari zai iya shirya fim ɗin da dillalin birni zai zo kasuwar Alhamis da wayonsa, Bafulatani ya yi masa wayo.