Arewacin Kamaru: Tarihi da Harsuna da Siyasa da Tattalin Arziki

Matafiyin da ya tashi daga Marwa ya nufi kudu, in ya yi tafiyar kamar kilomita 25 zai hango wani dogon dutse tsaye a tsakiyar fili, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna Haƙorin Mindif. A gindinsa garin Mindif yake, cikin gundumar Mayo-Kani. Garin ba shi da girma, amma yana da lamiɗo, mutanensa suna ciniki da Fulatanci, 'ya'yansu suna karatu da Faransanci, manomansa kuma suna shuka masakwa da auduga. Haka abin yake a yawancin garuruwan arewacin Kamaru, kuma wannan takarda za ta bayyana yadda aka yi ya zama haka.

Ƙasar Kamaru

Faɗin Kamaru ya kai murabba'in kilomita 475,000. Babban birninta shi ne Yawunde, babbar tashar jiragen ruwanta kuwa tana Duwala. Ƙasar ta kasu jihohi goma. Uku daga cikinsu ake kira arewa: Adamawa mai hedkwata a Gaundare, da Arewa mai hedkwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedkwata a Marwa. Kafin 1983 dukansu lardi ɗaya ne, ana mulkinsa daga Garwa. Yankin yana iyaka da Nijeriya ta yamma, da Cadi da Afirka ta Tsakiya ta gabas.

Tarihi

Wajen shekara ta 1809 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba Modibbo Adama tutar jihadi. Daga nan aka kafa masarautar Fombina, wato Adamawa, wadda ta sami mazauni a Yola a 1841. Ƙarƙashinta akwai lamiɓe da yawa, irin su na Garwa da Marwa da Mindif da Gaundare da Tibati. Waɗansu ƙabilu sun bi Fulani sun musulunta, waɗansu kuwa sun fake a duwatsun Mandara don tsira daga harin bayi. A wannan zamani ne fataken Hausawa suka riƙa shigowa neman hauren giwa da goro, har waɗansu suka zauna.

Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, amma ba su ci arewa ba sai 1901 da 1902. Mulkinsu bai daɗe ba. A yaƙin duniya na farko Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma a 1916. Bayan haka Faransa ta ɗauki kashi huɗu cikin biyar na ƙasar, Ingila ta ɗauki saura.

Ɓangaren Faransa ya sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1960. A Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ɓangaren Ingila. Mutanen arewacinsa suka zaɓi shiga Nijeriya, inda aka rada wa yankin suna Lardin Sardauna, na kudu kuwa suka zaɓi Kamaru. Saboda haka iyakar yau ta raba tsohuwar Adamawa biyu: Yola tana Nijeriya, mafi yawan lamiɓenta suna Kamaru.

Harsuna

Ana magana da harsuna fiye da 250 a Kamaru, amma na hukuma biyu ne kawai, Faransanci da Ingilishi. Jihohin arewa uku duk suna cikin takwas ɗin da Faransanci ya fi ƙarfi. Da shi ake karatu a makaranta, da shi ake rubuta takardun ofis. A kasuwa kuwa Fulatanci ne ke haɗa mutane, ko da ba Fulani ba ne. Can arewa wajen Kusuri da tafkin Cadi an fi jin Larabcin Shuwa.

Ɗalibin Hausa yana da dalili na musamman na kula da wannan yanki. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, kuma 'yan'uwanta da yawa a nan suke, kamar Mafa da Giziga da Mandara da Musgum da Masa da Kotoko. Wannan dangantaka ba ta sa Bahaushe ya fahimce su ba, sai dai masana suna gane ta a nahawu da waɗansu tsofaffin kalmomi. Tupuri da Mundang, waɗanda ake ji sosai a Mayo-Kani, ba sa cikin wannan dangi.

Ita Hausa kanta harshen fatake ce da unguwannin birane, kamar Birkitiri a Yawunde da Niyu Bel a Duwala. A lura da cewa a kudancin ƙasar akan kira kowane Musulmi ɗan arewa Bahaushe, ko da Bafillace ne ko Babarbare.

Siyasa

Shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. A 1972 ya soke tsarin tarayya ya mai da ƙasar dunƙulalliya. A Nuwamba 1982 ya sauka ya miƙa mulki ga firayim ministansa, Paul Biya, ɗan kudu. Ba a jima ba suka ɓata. Ran 6 ga Afrilu 1984 waɗansu sojoji, akasarinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, can kuma aka binne shi.

An halatta jam'iyyu da yawa a 1990, an kuma cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa a 2008. A zaɓen Oktoba 2025 an sanar Biya ne ya ci, amma babban abokin takararsa, Isa Ciroma Bakari, tsohon minista ɗan Garwa, ya ƙi amincewa da sakamakon. Su lamiɓe kuwa, dokar 1977 ta mai da su mataimakan gwamnati, suna sulhunta jama'a da kula da al'amuran gonaki.

Tattalin arziki

Noma da kiwo su ne sana'ar yawancin mutane. Auduga ce babban amfanin gonar sayarwa, kuma kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, shi ke sayen ta. Ana noman shinkafa a Yagwa da Maga, da albasa a kewayen Marwa. Masakwa ta fi kome muhimmanci ga talaka a filayen Mindif. Ana dasa ta ne bayan damina a ƙasar laka mai riƙe ruwa, a girbe ta da rani, don haka gida yakan sami hatsi sau biyu a shekara.

Madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, tana ba yankin lantarki. Sakin ruwanta yana cikin abin da ake dangantawa da ambaliyar 2012 da 2022 a Nijeriya. Layin dogo ya tsaya a Gaundare, saboda haka kayan Garwa da Marwa a manyan motoci suke tafiya.

Arewa Mai Nisa tana cikin jihohi mafi yawan jama'a, kuma mafi talauci. Tun daga 2013 rikicin Boko Haram ya ƙara mata nauyi: masu yawon buɗe ido sun janye daga gandun dajin Waza, cinikin kan iyaka ya ja baya, an kuma buɗe sansanin Minawawo don 'yan gudun hijira daga Nijeriya. Gwamnati ta buɗe jami'a a Marwa a 2008, da wata a Garwa a 2022. Sai dai yaron Mindif da ke son isa can, dole ya fara ƙwarewa a Faransanci, harshen da galibi ba a magana da shi a gidansu.