Kafin ka ɗora lasifika a kan mota, ka fara sanin inda makunninta yake

Idan ka taɓa tsayawa da hantsi a bakin titin Haɗeja, wajen da ake karyawa a shiga Dakata, ka san wannan sautin. Ƙaramar bas ce za ta taho a hankali, lasifika biyu ɗaure a samanta, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, ana tallar sabulun gari ko biskit ko ruwan leda. Ƙananan masana'antun Dakata da Bompai, da na can Sharaɗa da Challawa, duk suna buƙatar wanda zai kai sunan kayansu cikin lungu. Shi ya sa matasa da yawa suke ganin hanyar samun na cefane a nan: ga mota, ga waya mai memori, saura lasifika.

Wani abokina ma haka ya gani. Ya samu aikin zagaye da kayan wata ƙaramar masana'anta, ya sayo lasifika mai bakin kakaki, ya feƙe wayar lasifikar ciki, ya murɗa sabuwar a kanta, ya naɗe da salatif. Rana ta farko har bidiyo ya ɗora a TikTok. A rana ta uku rediyon ya fara ƙauri, sauti ya koma kamar ana magana cikin tulu, sannan ya yi tsit. Kuɗin aikin makon gaba ɗaya a gyara suka tafi. Ni na raka shi wurin mai wayarin, kuma abin da na koyo a garejin nan shi zan ba ka, kai ko ke da ke tunanin shiga wannan harka.

Kada ka ɗauka sabon abu ne. A ajinmu na koyon aikin jarida an karantar da mu cewa tun 1944 aka fara kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a birnin Kano don a ji rediyo, kuma motocin majigi sun daɗe suna zaga ƙauyukan Arewa da hoto da murya. Kafin su ma akwai sanƙira da mai shelar sarki. Bambancin yau shi ne kayan sun yi araha, kowa na iya haɗa nasa. Inda ake yin kuskuren ke nan.

Fara da lissafin da ya kashe rediyon abokina. Yawancin rediyon mota an ƙera su ne su ɗauki lasifika mai om 4 a kowane layi. Om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. Idan ka haɗa biyu masu om 4 a kan waya ɗaya, kai da kai, sun koma om 2. Wutar da za su ja ta ninka, ƙaramin aisin da ke cikin rediyon ya ɗau zafi, a zafin Kano kuma, cikin motar da ta wuni a rana. Ko ya riƙa kashe kansa, ko ya ƙone.

Mafita ita ce makunni mai zaɓi: ka tura shi sama sauti ya tsaya a ciki, ka tura ƙasa ya fita waje, ba duka biyun lokaci guda ba. Amma ba kowane makunni ba. A rediyoyin zamani, wayoyi biyun da ke zuwa kowace lasifika duka suna ɗauke da sauti. Wadda ake kira negatif ɗin ba a haɗa ta da bodin mota, ba a kuma haɗa ta da negatif ɗin wani layin. Don haka ka nemi makunni mai ƙafa shida, wanda ke sauya wayoyi biyun tare. Ƙafafu biyu na tsakiya su karɓi wayoyin da suka fito daga rediyo, biyu na gefe guda su tafi lasifikar ciki, biyu na ɗaya gefen su hau sama. Kowane layi da nasa makunnin.

Ta yaya za ka gane wayoyin? A yawancin rediyon da ake saya a saka, kalolin iri ɗaya ne: fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shuɗiya mai ja-ja ta baya dama. Mai baƙin zane a kowace kala ita ce negatif. Wayoyin da suka zo da motar daga kamfani kuwa kalarsu daban ce, sai an gwada da mita. Wata dabara mai sauƙi: ka bar layukan gaba a ciki, ka sa makunnin a layukan baya kawai. Direba na jin abin da ke fita, kuma daga rediyon ma kana iya karkatar da sautin gaba ko baya.

Sai lasifikar kanta. Mai bakin kakakin nan da muke gani a masallatai an yi ta ne don murya, ba don dukan ganga ba. Idan ka cika mata sauti mai kauri, siririn kwayil ɗin cikinta zai ƙone. Masu gyara kan sa kafasita marar kai da gindi a kan wayarta don ta tace kaurin. Girmanta ya danganta da om ɗin lasifikar, saboda haka ka duba abin da aka rubuta a bayanta, sau da yawa 8 ko 16. Ka ɗan sunkuyar da bakinta ƙasa don kada ruwan damina ya taru a ciki, ka kuma ɗaure ta da ƙusa da noti, ba da igiyar roba ba. Ramukan hanyar Dakata ba su san wasa ba.

Idan ƙarfin rediyon bai ishe ka ba, sai amfilifaya, kuma a nan ne maganar ta koma ta tsaron rai. Amfilifaya tana jan wuta kai tsaye daga batir da waya mai kauri. Dole a sa fiyus a kan wayar nan dab da batir, kamar tazarar kamu ɗaya. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa mata zoben roba. Wayar da ba fiyus, idan ƙarfe ya ci bawonta, ja take yi kamar garwashi, kuma a ƙarƙashin kujera ko kafet take. A cire kan batir na negatif kafin a fara aiki. Akwai siririyar waya shuɗiya mai farin zane da ke tayar da amfilifaya idan an kunna rediyo. A kanta ake sa ƙaramin makunni, sai ka iya kashe sautin waje da yatsa ɗaya. Kuma ka tuna, idan injin a kashe yake kana ta talla a bakin kasuwar 'Yankaba, batir kake ci. Kada yamma ta yi ka koma neman masu turi.

To, ɗan'uwa, ga ɓangaren da ba a faɗa a gareji. Lasifikar kakaki da yawa suna haura desibel 100 idan kana kusa da bakinsu, da wat ɗaya kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauti mai ƙarfi. A lissafinta, desibel 80 kunne na iya jure shi awa 40 a mako, 90 awa 4, amma 100 minti 20 ne kawai. Yanzu ka tuna yaron motar da ke zaune ƙarƙashin lasifikar nan tun safe har la'asar. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Akwai kuma mutanen da ba su nemi jin tallarka ba: ma'aikacin da ya kwana a kan injin a Bompai yana ramuwar barci, mai jego, ɗalibai a aji, marar lafiya a asibiti, masu salla. Najeriya na da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009, ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA. Amma kafin hukuma ta zo, mutanen unguwa sun riga sun yanke maka hukunci. Duk mun san yadda ake ji idan motar mai magani ta tsaya a ƙofar gida tana zuba kalaman da ba za ka iya saurara a gaban mahaifiyarka ba. Wanda ya ji haushin muryarka ba zai sayi kayanka ba, kuma kamfanin da ya ba ka aikin zai ji labari.

Abokina ya koma aiki. Yanzu akwai makunni a gefen sitiyarinsa, kuma hannunsa ya saba: ya rage sauti kafin ya sauya layi, ya kashe na waje idan ya hango makaranta ko asibiti, ya yi shiru idan an kira salla. Kuɗin makunnin da fiyus ɗin bai kai rabin abin da ya kashe a gyaran rediyo ba. Idan kai ma za ka hau wannan hanya, ka kai motar wurin mai wayarin da ya san aikinsa, ka tsaya a kansa, ka tambaye shi om nawa, ina fiyus, ina makunni. Idan ya ce maka ba sai an sa ba, ɗauki makullinka ka nemi wani.