Motar Jif Da Ƙafafunta Na Baya

Wanda ya fita Kaduna ta Kawo ya kama hanyar Zariya, in ya wuce Rigacikun, ba da jimawa ba zai iso Katabu, cikin ƙasar Igabi. Nan kusa ne hanyar Jos ta rabu ta yi gabas, ta bi ta Pambeguwa da Saminaka, shi ya sa a ke kiran wurin Mararrabar Jos. Mun sha tsayawa a gefen hanyar nan lokacin kaka, muna kallon motocin da ke fitowa daga gabas ɗauke da masara. Manyan motoci dai aikinsu ke nan, ba mu da magana a kansu yau. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ƙananan motocin nan masu tudu da a ke kira jif. Za ka ga ɗaya tafe, hancinta ya ɗaga sama, gindinta ya kusa sharar ƙasa, ƙafafun baya sun buɗe kamar na jakin da a ka labta wa mangala biyu. A ciki kuwa ga mai gida, ga iyali, ga buhuna a baya. Sau da yawa mai motar malamin makaranta ne ko akawun ƙaramar hukuma, wanda ya shekara da shekaru yana tara albashi da adashi kafin ya mallake ta.

In ka tambayi irin wannan mutum, zai ce maka ai jif ce, don wahala a ka yi ta. To, a nan kuskuren ya ke, kuma kuskure ne mai asali, gama wata mota ce ta jawo wa jif wannan suna.

Motar nan ita ce Land Rover, wadda a ka fara nuna wa duniya a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a kafa ƙananan hukumomi a 1976, ita ce dokin rangadi. Da ita Di'o ke zagaya gundumomi, da ita malamin gona da malamin dabbobi da sufeton makarantu ke shiga ƙauyukan da ba su san kwalta ba. Ƙirar bayanta ba ta da wani ɓoyo. Ƙarfe ne guda mai kauri, mai rami a ciki, ya taso daga wannan ƙafa zuwa waccan, shi ne aksul. A tsakiyarsa akwai wani tulu cike da man giya, inda farfela ke kawo ƙarfin inji, haƙoran da ke ciki su raba shi biyu, su aika wa kowace ƙafa ta wani sanda da kanikawa ke kira shaf. Amfanin haƙoran nan shi ne su bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu a kan kwana, kamar dai 'yan fareti in za su juya, na gefen waje ya kan ƙara tsawon taku, na ciki ya rage. Bisa aksul ɗin kuma a ka ɗaura sifirin na falle-falle, shi ke ɗauke da jikin mota da duk abin da ke cikinta. Doguwar Land Rover, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, tana ɗaukar kaya fiye da kilo 700 ba ta yi ƙorafi ba.

Kada dai a ce muna yabon jiya don jiya ce. Ita ma tana da lagonta. Shaf ɗinta na baya ya yi suna wajen karyewa, musamman in ƙafa ta yi ta juyawa cikin taɓo sa'an nan ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya. Abin ya dami masu ƙera ta har suka koma sa wa dogayen wani aksul mai ƙarfi da a ke kira Salisbury tun daga ƙirar 1971. Amma akwai wata hikima a cikin ƙirar. Tun daga ƙirar 1958, nauyin motar ba a kan shaf ya ke ba, a kan bututun aksul ya ke, shaf juya ƙafa kaɗai ya ke yi. Saboda haka ko ya karye ƙafa ba ta fita. Direba ya kan zare guntun, ya sa giyar ƙafa huɗu, ƙafafun gaba su jawo shi har gida. Tsofaffin direbobin En'e sun san wannan dabara kamar yunwar cikinsu.

Yanzu sunan jif ya game iri biyu, kuma wajibi ne mai mota ya durƙusa ya leƙa ya san wadda ya ke da ita. Iri na farko su ne magadan waccan, masu shasi da aksul guda a baya, kamar Land Cruiser da Prado. Yawancinsu sun bar sifirin na falle sun koma na murɗe, hanyar da Range Rover ta bi tun 1970. Iri na biyu, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mai albashi, kamar Honda CR-V da Toyota RAV4, a gaskiya ƙananan motoci ne a ka ɗaga su a ka yi musu babbar riga. Ba su da aksul guda. Kowace ƙafar baya zaman kanta ta ke yi, an riƙe ta da hannuwan ƙarfe uku ko huɗu, sirara, kowanne da bushin na roba a bakinsa. Wannan ƙira ta fi daɗin zama, ta fi kama kwalta a kan kwana, ba mu musa ba. Amma ba a yi ta don dako ba.

Ga lissafi, tun da masu karatunmu ma'abota lissafi ne. Littafin CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011, ta kasuwar Amurka, ya ƙayyade nauyin da za ta ɗauka, mutane da kaya duka, a kan kilo 385. An kuma manna wannan adadi a jikin ƙofar direba, ga duk mai son gani. Manya biyar, in an ƙaddara kowanne kilo 70, sun tashi kilo 350. Saura 35. Buhun masara guda kuwa kilo 100 ne. Watau wanda ya cika kujeru ya jefa buhu biyu a baya ya zarce iyaka da kilo 165, kuma duk wannan rara a kan ƙafafun baya ta ke, har ma a bayansu, inda nauyi ya fi cin mota. Sa'ad da gindi ya zauna haka, gaba ya kan yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa, fitila ta haska sama ta kashe idon mai zuwa. Sifirin ya riga ya lanƙwashe iyakarsa, don haka in ƙafa ta faɗa rami babu sauran abin da zai sha dukan sai ƙarfe da boris.

Mutum zai ce ai hanyar Kaduna zuwa Zariya tagwaye ce, an kuma ba da kwangilar sake gina ta tun 2017. Haka ne. Amma hanya mai kyau ita ke kawo gudu, kuma ƙarfen da ya tsage a hanyar ƙauye ba ya ƙarasa karyewa sai ran da a ke sheƙa gudu a kan kwalta. In ƙafar gaba ta sami matsala, direba yana da sitiyari a hannu, ya kan ɗan yi kokawa. In ta baya ce ta goce, mota ita ke zaɓar inda za ta, ga shi kuwa mota mai tudu ba ta da wuyar kifewa.

Akwai kuma wata cuta da motocin nan ke zuwa da ita tun daga ƙasarsu. Tun ran 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin Amurka da Kanada suka dace da hanyoyinmu, kuma da yawa daga cikin jif ɗin da a ke kira 'yan Kwatano daga can suka fito. A arewacin ƙasashen nan, in hunturu ya yi, gishiri a ke watsawa a kan hanya don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan ya kan shige lungunan ƙarƙashin mota ya kwanta shekara da shekaru, tsatsa ta yi ta ci daga ciki. A 2023 kamfanin Honda ya yi kiran CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011 fiye da 560,000 a jihohin Amurka masu zuba gishiri, domin tsatsa na iya cinye wurin da hannun ƙafar baya ya kama jikin mota har ya ɓalle. Wadda a ka duba a ka ga da sauranta, sai a ƙara mata ƙarfen tallafi, wadda ta lalace ƙwarai kamfani ya saye ta. A 2019 Ford ma ya kira Explorer wajen miliyan 1.2, ƙirar 2011 zuwa 2017, saboda wani hannun ƙafar baya da ke karyewa. To, motar da ta riga ta hau jirgin ruwa ta sauka Ikko ko Kwatano, wa zai aiko mata da takardar kira a Katabu? Dillali ya wanke ta, wani ma ya fesa baƙin fenti a ƙarƙashi, mai saye ya duba kujeru da rediyo da na'urar sanyi ya biya.

Labarin RAV4 ya fi kusa da mu, don ya shafi aikin da a ke yi a gareji kowace rana. A 2012 Toyota ya kira RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2011 wajen 760,000 a Amurka. A ƙafar bayanta akwai wani sanda mai zare da noti biyu, wanda a ke murɗawa in za a daidaita tsayuwar ƙafa. Aka gano in mai daidaitawa bai ɗaure notin nan yadda ya kamata ba, sandan ya kan riƙa motsi, tsatsa ta shiga zaren, ya cinye, wata rana ya rabu biyu mota na cikin tafiya. Sai da a ka sake kiran motocin a 2013, a ka riƙa lulluɓe wurin da wani ƙaro mai tauri don kada a sake taɓa shi. Wanda ya ga wannan ƙaro a ƙarƙashin motarsa, kada ya bar wani ya sa kurfi ya fasa shi da sunan gyara. Kowace motar Amurka tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka tana da shafi a intanet inda a ke sa lambar kyauta a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Aikin minti biyar ne, ya kamata a yi shi kafin a yi ciniki.

Mota ba ta da baki, amma tana faɗin ciwonta. Gunji daga baya wanda ke ƙaruwa da gudu, ya kuma sauya in an karya kwana, yawanci boris ne. Wannan ba abin a ce sai an yi albashi ba ne, musamman a Prado da Hilux, gama su nauyinsu a kan shaf ya ke, ba kamar tsohuwar Land Rover ba, in boris ya watse shaf na iya zarewa da ƙafa gaba ɗaya. Kuka mai tsini wanda ke zuwa in an taka totur, ya ɗauke in an saki, daga haƙoran tulu ya ke. Ƙwanƙwasa a kan gargada, bushin ne ko shokozoba. Taya da ta cinye ta gefen ciki kaɗai, ƙafa ce ta goce daga tsayuwarta, sayen sabuwar taya ba zai warkar da ita ba. In kuwa an danna gindin mota an saki ta yi ta rawa ba ta tsaya nan da nan ba, shokozoba ta mutu, ko da ba ta yoyo.

Man tulu shi ne maraya a cikin mota. Kowa ya san juyen baƙin mai, amma akwai motar da za ta shekara goma ba wanda ya kwance notin tulunta. A watan Agusta, sa'ad da rafukan ƙasar Igabi ke cika su hau kan hanyoyin ƙauye, mutum ya kan taho da aksul da zafi ya faɗa ruwa. Ƙarfe ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta 'yar ƙofar numfashin da ke bisa aksul ko ta bakin sil. In an kwance a ka ga man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a zubar a sake. Kuɗin man bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin haƙoran ba.

Muna girmama kanikawanmu da maƙeran Panteka, waɗanda hannunsu ya rayar da motocin da masu ƙera su ma sun manta da su. Amma akwai gyara uku da ba mu yarda da su ba. Ɗaya, a cusa guntun taya ko katako tsakanin murɗin sifirin don mota ta tashi. Ta tashi kam, amma boris da hannuwan ƙafa suna nan yadda su ke, an dai ɓoye alamar da ke gaya wa mai mota kaya sun yi yawa. Sai kuma gasa sifirin a wuta a miƙe shi, wanda ke kashe ƙwarin ƙarfen, bayan 'yan makonni ya sake kwantawa ko ya karye. Na ukun shi ya fi ba mu tsoro, watau yi wa hannun ƙafa walda in ya tsage ko ya lanƙwashe. Sau da yawa ba laifin makaniki ba ne, shi ya ce a sayo sabo, mai mota ne ya ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata.

Ga wanda ke da gona a Saminaka ko Pambeguwa, shawararmu ita ce ya ba motar haya buhunansa, ya biya kuɗin dako, shi ya biyo baya da iyalinsa. In kuwa zai sayi jif, ya tafi da makanikinsa da tocila, a hau da ita kan rami, a ƙwanƙwasa inda hannuwan ƙafar baya suka kama jiki, a ji ko ƙarfe ne ke amsawa ko ɓawon tsatsa ne ke zubowa.