Ƙadangaren da ya tsiro daga ɗigo ɗaya

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce: ta yaya ƙwayar halitta ɗaya tak a mahaifa take zama mutum, alhali babu ƙwayar da ke ganin jikin gaba ɗaya?

A 2020, Alexander Mordvintsev na Google da abokan bincikensa sun kwaikwayi wannan a kwamfuta. Suka raba allo gida-gida kamar na dara. Kowane gida ƙwaya ce, maƙwabtanta takwas kawai take gani, kuma duk doka ɗaya suke bi. Aka sa ɗigo ɗaya a tsakiya, ya yi ta yaɗuwa har ya zama hoton ƙadangare.

Da farko fa abin ya ƙi. Wani hoton ya watse, wani ya yi ta girma ba tsayawa. Sai da aka ƙara horar da dokar sannan ya tsaya daidai. In ma an goge wutsiyar, sai ta sake tsirowa.

Kar ku ce an ƙirƙiri rai, lissafi ne kawai. Amma ku tuna, cutar daji ƙwayoyi ne da suka ƙi daina girma. Shi ya sa nake ganin binciken nan ba wasa ba ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.