Warwarewa Daban, Guga Daban: Asalin Kalmar "Explain"

Tun da aka kafa dokar Disambar 2019 wadda ta jaddada matsayi ɗaya ga Ingilishi da Faransanci a Kamaru, akwai wata magana da nake yawan ji a majalisun unguwarmu ta Briqueterie da rumfunan kasuwar Mokolo. Wai Ingilishi ba komai ba ne illa Faransancin da aka murguɗa wa baki, don haka yaron da ya iya ɗaya ba ya buƙatar malamin ɗayan. Hujjar da aka fi kawowa kuwa ita ce "explain" ta Ingilishi da "expliquer" ta Faransanci. Ai kalma ɗaya ce, in ji su.

Kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne dukansu daga Latin suka fito, amma saiwarsu daban. "Expliquer" jikar "plicare" ce, wato ninkewa, ma'anarta a warware abin da ke ninke. "Explain" kuma, wadda ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, daga "planus" take, wato shimfiɗaɗɗen wuri marar tudu marar kwari.

Telolin unguwarmu sun fi kowa sanin bambancin. Mutum ya sayo turmin atamfa a Mokolo ya buɗe, ya warware ke nan, amma layukan ninki na nan. Sai dutsen guga ya bi ta kai kafin almakashi ya shiga. Haka magini ba ya aza harsashi sai ya daidaita fili. Haka mai kilishi yake falle nama har ya kwanta a kan asabari. Wannan kwantarwar ita ce "explain": a baje magana har mai sauraro ya taka ba tuntuɓe. Ko "bayani" namu, da muka aro daga Larabci, fitowa fili yake nufi.

Abin da ke damuna shi ne, wasu jami'ai da zarar sun manna sanarwa cikin harsuna biyu, sai su ɗauka aiki ya ƙare. Takarda dai an warware, guga ne ba a yi ba. Tsohuwar da ke sayar da ɗanwake tana buƙatar wanda zai zauna ya fayyace mata da Hausa ko Fillanci ko Ewondo.

Iyaye, kada ku hana yaranku malamin Ingilishi saboda kamannin kalmomi biyu.