Daga Jemage Zuwa Tukunyar Miya: Yadda Kalwa Ke Zama Daddawa

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a ƙarshen hunturu, da ya wuce Shagari ya doshi Tambuwal, zai fara ganin ɗorawa jefi-jefi a tsakiyar gonaki, jajayen furanni dunƙule-dunƙule suna reto a jikinta. In ya ratse ya gangara Kebbe (ƙaramar hukumar jihar Sakkwato nake nufi, ba jihar Kebbi da baƙi ke yawan rikita su ba), wajen Gulbin Zamfara inda damina ta fi ta Gada da Illela auki, sai ya tarar ta ƙara yawa. Manomi na gari in yana sharar gona yakan kwashe sabara da geza, amma yakan bar ɗorawa, don ya san miyar gidansa ce a tsaye.

Abin da bai cika sani ba shi ne wanda ke yi masa aikin farko. Furen ɗorawa sai magariba ta yi yake buɗewa sosai, cikin dare yake zubo ruwa mai zaƙi. Jemage mai cin 'ya'yan itace shi ke zuwa ya rungumi furen yana lasa, garin furen ya manne masa a fuska da ƙirji, ya tashi ya kai wa itaciya ta gaba. Ƙudan zuma ma na taimakawa, amma masana tsirrai da suka sa ido a kan itacen a Ghana da Najeriya sun nuna jemage na cikin manyan masu yin wannan barbara. Wato halittar nan da tatsuniya ta ce tsuntsaye sun kore ta, dabbobi ma sun ƙi ta, wadda yara ke harbi da danƙo, tana da hannu a kowane ludayin miyar kuka.

Da bazara 'ya'yan ke nuna. Garin nan rawaya yara su tsotse, ɓawon a jiƙa a yi makuba ta daɓe, saura ƙwayar, wato kalwa. Ita kuwa baƙa ce, tauri gare ta, in an ci ta ɗanya ciki ba ya iya narkar da ita yadda ya kamata. Daga nan aikin mata ke farawa, kuma aiki ne na ƙarfi da itacen wuta. Ana ɗora ta tun yamma, wuta na ci ana ƙara ruwa, ta kwana ta yini, har sai an matsa ƙwaya tsakanin yatsu biyu an ga fatar ta saɓule. Sai a zuba a turmi a surfa, wasu da ɗan toka ko rairayi don fatar ta fi saurin fita. A wanke a rege, baƙin ɓawo ya taso a zubar. A sake dafawa, ba da daɗewa ba wannan karon, wasu su jefa kanwa. A tsane ruwan, tun da zafinta a juye a ƙwarya ko kwando, a rufe da ganye da buhuna, a kai ɗaki a bar ta kwana biyu zuwa uku.

Me ke faruwa a ƙarƙashin buhun nan? Mai kallo zai ce ruɓewa take yi, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ruɓewa ce mai linzami. Doguwar dafuwar ta kashe kusan duk ƙananan halittun da ke jikin kalwa. Akwai wata bakteriya, Bacillus subtilis, da ke iya dunƙulewa cikin wani ƙoƙo mai jure zafi, ga ta kuma a jikin ƙwarya da ganye da duk kayan da aka saba aiki da su. Da ta samu ɗumi da laima, ga fili babu abokin takara, sai ta farka ta yi ta hayayyafa. Abincinta furotin ɗin kalwa ne. Tana farfasa shi ƙanana-ƙanana, cikin abin da ke fita har da wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne harshe ke ji a ce miya ta yi daɗi. Yauƙin da ake gani in an buɗe buhu aikinta ne. Warin da ke bugun hanci kuwa, akasarinsa iskar amoniya ce.

Wannan wari da 'yan birni ke toshe wa hanci shi ne mai gadi. Nono da kamu tsami suke yi, tsamin ke hana su lalacewa da wuri. Daddawa akasin haka take bi, ɓangaren kanwa take karkata, kuma da yawa daga ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba sa jin daɗin zama a irin wannan wuri. Shi ya sa in an buɗe ta da wuri, ko sanyi ya shige ta, ba ta kamawa. Wadda ta kama sai a kirɓa, a mulmula, a lanƙwasa faifai-faifai a shanya a rana har ta yi baƙin nan da ya sa masu karin magana suka ce daddawa ce ke gaya wa manda baƙi. Busasshiya takan yi watanni, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, ko fiye, furotin ne. A gidan da nama sai ranar kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, a arewacin Sakkwato da ƙasar Nijar, dabarar ba ta canza ba, ƙwayar aka canza: gurguzun yakuwa ake dafawa a yi daddawar batso. Yanzu da kalwa ta yi tsada, mata da yawa sun koma waken suya. Yarabawa na da iru, mutanen Mali da Burkina Faso na da sumbala, can Japan kuma suna da natto, wanda da waken suya da wannan bakteriya ɗaya ake yin sa.

A Japan ɗin ne, a 1908, wani malamin jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace gulutamet daga ciyawar teku. Shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda muke kira farin magi. Dunƙulen magi kuwa ya samo suna daga Julius Maggi, mutumin Suwizalan, kuma Nestlé ta mallaki kamfanin a 1947. Lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal, kusan shekara ɗari kafin Ikeda, matan ƙasar nan suna samar da wannan sinadari a ƙwarya. Har sunan da malaman kimiyya suka ba itacen, Parkia, yana da ƙafa a nan. Don tunawa da Mungo Park aka sa shi, Baturen da ya halaka a kogin Kwara wajen Bussa a 1806, kuma a 1826 aka fara buga sunan, a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton. Wannan Clapperton shi ne baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, a Sakkwato kuma ya rasu a 1827.

Ni dai ban ga dalilin tsoron da ake yi wa farin magi ba. Gulutamet ɗin cikinsa bai bambanta da na daddawa ko tumatir ko nonon uwa ba, kuma shi ma da bakteriya ake yin sa a masana'anta, daga rake ko rogo. Inda take ƙasa tana dabo shi ne gishiri. Kusan rabin dunƙule, ko fiye, gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana. Uwargida ta jefa dunƙule uku, ta ƙara gishiri a kai, maigida kuma na fama da hawan jini. Wadda ta sa daddawa isasshiya za ta iya rage duka biyun, miya ba ta yi lami ba.

Sai dai ɗorawa na ɗaukar shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, mai gatari da buhun gawayi kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Manoman Tambuwal da Kebbe, in kun ga ɗan ɗorawa ya tsiro a gona, ku kewaye shi da ƙaya kafin awaki su gan shi.